Wanke haƙoran roba: abin da ke kashe fangas da abin da ke cin robar. Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa juya haƙoran roba na wani dattijo ya duba cikinsu, wato ɓangaren da ke zama a kan ganɗa, ya san abin da ya sa na zauna rubuta wannan shafi. Waje fes, ciki kuwa wani farin yauƙi mai tsami ya yi shimfiɗa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'ya'ya da jikoki suka fi yi idan sun rako iyayensu, da kuma waɗanda ɗaliban aikin haƙori ke yi game da yadda ake gwada magungunan wankewa. Matsalar guda ce ke ta maimaita kanta: maganin da ya fi ƙarfin kashe fangas, wato ƙwayar cutar da ke cikin wannan yauƙi, sau da yawa shi ne ya fi taɓa lafiyar robar, robar da ta lalace kuma ita ta fi ba fangas mafaka.

Wane fangas ne ake nufi, daga ina yake zuwa?

Sunansa Kandida, kuma jinsin da ya fi yawa shi ne Candida albicans, sai Candida glabrata da Candida tropicalis suna bi masa baya. Ba baƙo ba ne. Mutane da yawa masu ƙoshin lafiya suna ɗauke da shi a baki bai dame su ba, domin miyau na wanke shi, harshe na share shi. Da an ɗora roba a kan ganɗa sai a samu wani lungu mai ɗumi da danshi wanda miyau ba ya shiga sosai. A nan yake hayayyafa, ya haɗu da wasu ƙwayoyin cuta su gina wannan yauƙi da masu bincike ke kira bayofim. Naman da ke ƙarƙashi sai ya yi ja ya kumbura. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna wannan kumburi yana kama tsakanin kashi 15 zuwa sama da kashi 70 cikin ɗari na masu sa haƙoran roba, gwargwadon mutanen da aka duba.

Tun 1962 wani likita mai suna Newton ya kasa shi gida uku, kuma har yau da rabonsa ake aiki: ɗigo-ɗigon ja nan da can, jan da ya mamaye duk inda robar ta rufe, har ka ga siffar haƙoran a zane a ganɗa, sai na uku wanda naman ke yin ƙuraje-ƙuraje kamar tsakuwa.

Baba ya ce ba ya jin zafin komai. Sai mun takura masa?

Akasarin masu wannan kumburi ba sa jin zafi, shi ya sa yake daɗewa ba a gano ba. Ku roƙi Baba ya cire na sama, ku haska ganɗarsa da fitilar waya. Ganɗa mai lafiya launinta a kwance yake, bai ɗaya. Idan kun ga ja mai sheƙi wanda ya tsaya daidai iyakar robar, ko gefen bakinsa na tsagewa yana yin fari, ku kai shi wurin likitan haƙori. Idan yana da ciwon suga, ko bakinsa na yawan bushewa saboda magunguna, ko yana shan taba, abin ya fi saurin kama shi kuma ya fi wuyar sakinsa.

Me ya sa robar take riƙe fangas haka? Ai a ido sumul take.

Robar da ake yin mafi yawan haƙoran nan da ita ana kiranta akirilik, a takarda kuma PMMA. Ta shigo aikin haƙori ne a 1937, ta maye gurbin baƙar robar da ake dafawa da farar wuta. Tana da sauƙi, ana iya gyara ta, launinta na kama da dasashi. Sai dai tana shan ruwa kaɗan-kaɗan, kuma tana da 'yan ramuka da ido ba ya gani.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba. Mai haɗa haƙoran yana goge wajensu har su yi ƙyalli, amma cikin ba a goge shi, domin in an goge ba za su zauna daram a kan ganɗa ba. Wato daidai wurin da ke taɓa nama shi ne mafi kaushi. Ƙwayar Kandida guda faɗinta bai wuce maikuromita 4 zuwa 6 ba (maikuromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), silin gashin mutum kuwa ya kai wajen 70. Ƙarcen da kai ba ka gani, a wurinta kwari ne da za ta kwanta gashin buroshi ya wuce ta samanta. Idan ta samu wuri kuma takan miƙe ta zama zare-zare ta cusa kai cikin tsagar.

Magungunan wankewa kala nawa ne?

Waɗanda aka fi sani su ne ƙwayoyin da ake jefawa a kofin ruwa su yi ta kumfa, irin su Polident da Corega da Steradent da Efferdent. Sai bilic da aka sirka da ruwa. Sai ruwan kurkure baki mai sinadarin klohezidin. Akwai masu tsami da ke narkar da tsatsar haƙori, da masu sinadaran da ke warware danƙon yauƙin. Na gida kuma akwai sabulu da ruwan khal.

Yaya ake gwada ƙarfinsu a ɗakin gwaje-gwaje?

Ba a cika farawa da haƙoran mutum ba. Ana zuba robar ne a yi 'yan fayafai masu faɗin kamar maɓallin riga, da yawa, duk girma ɗaya da kaushi ɗaya. A kashe duk wata ƙwaya da ke jikinsu. Masu aikin da kyau sukan jiƙa su a miyau tukuna, domin a baki fangas ba kan roba tsirara yake sauka ba, kan wata siririyar shimfiɗa ce da miyau ke bari. Daga nan a tsoma su a ruwan abinci mai ɗauke da Kandida da aka san adadinta, a ajiye a ma'aunin zafi 37, zafin jikin mutum, na tsawon sa'o'i 24 ko 48, har yauƙin ya ginu.

Sai a raba fayafan rukuni-rukuni. Wannan a bilic na minti 10, wancan a ruwan ƙwaya mai kumfa na lokacin da kamfanin ya rubuta, wani a klohezidin. Dole a bar rukuni guda a ruwa zalla. Idan babu wannan rukuni gwajin ba shi da amfani, domin ruwa kaɗai ma yana kwashe wasu ƙwayoyin, kuma da shi ne za a gane abin da maganin ya ƙara.

Bayan an ɗauraye, sai a girgiza kowane faifai a cikin ruwa da na'ura don abin da ya rage ya saki, a shafa ruwan a faranti mai abincin fangas da ake kira Sabouraud, a jira kwana biyu. Duk ƙwayar da ta tsira za ta tsiro ta zama farin ɗigo mai kama da ɗigon nono. A zauna a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani faranti ma, CHROMagar, da ke ba kowane jinsi launinsa, albicans ta fito kore. Wasu kuma suna ƙarawa da gwajin launi da ke nuna ko ƙwayoyin na numfashi, ko su ɗauki hoton saman robar da madubin lantarki su ga abin da ya maƙale.

Wuri guda ne nake so mai karanta irin waɗannan rahotanni ya lura da shi. Akwai gwajin da ake yi wa fangas yana yawo a ruwa, akwai wanda ake yi masa bayan ya gina yauƙi. Na farkon kusan kowane magani yana cin jarrabawarsa. A cikin yauƙi kuwa ƙwayoyin na lulluɓe da danƙon da suka yi wa kansu, kuma an nuna suna jure magungunan fangas ninki ɗaruruwa fiye da waɗanda ke yawo. Wanda ya ce maganinsa ya yi aiki, a tambaye shi a kan wanne ya gwada.

Na ga an rubuta "yana kashe kashi 99.9" a kwali. Ba shi ke nan ba?

Mu yi lissafi. A ce ƙwayoyi miliyan ɗaya ne a kan robar. An kashe kashi 99.9, saura dubu. Dubun nan idan suka ninka kansu sau goma sun koma sama da miliyan, kuma a baki mai ɗumi da abinci ninkin nan ba ya ɗaukar dogon lokaci. Masu bincike a Glasgow ta ƙasar Sikotlan sun gwada wannan, suka wanke yauƙin Kandida da magungunan kasuwa sannan suka mayar da shi ruwan abinci, sai ga shi ya sake tsirowa cikin kwana guda. Rubutun kwalin ba ƙarya ba ne. Abin da yake nufi shi ne wankin jiya ba ya isar wa yau.

Ga kuma gawar yauƙin. Maganin jiƙo na iya kashe ƙwayoyin ya bar danƙonsu a manne, sababbi su zo su tarar da gida a gine. Buroshi ne ke rushe wannan gida.

To illar da magani ke yi wa robar fa, da me ake auna ta?

Abu huɗu aka fi dubawa, kuma kowanne ana auna shi kafin jiƙo da bayansa.

Na farko kaushi. Akwai na'ura mai siririyar allura da ke tafiya a kan robar tana rubuta hawa da gangaren da ta tarar. Tun 1997 wasu masu bincike a Beljiyam, Bollen da abokan aikinsa, suka nuna cewa idan kaushin ya haura maikuromita 0.2 ƙwayoyin cuta na ƙara samun wurin maƙalewa. A ganina wannan shi ne ma'auni mafi muhimmanci a cikin huɗun, domin shi ne ke komawa kai tsaye ga batun fangas. Maganin da ya kashe Kandida yau ya bar robar da kaushi, ya gyara mata masauki ne na wata mai zuwa.

Na biyu launi. Ido na yaudara, don haka na'ura ce ke karanta hasken robar da janta da rawayarta ta fitar da lamba guda ta bambancin da aka samu. Idan lambar ta kai wajen 3.3 zuwa 3.7, ana ɗaukar canjin ya fito fili har ba za a karɓa ba.

Na uku ƙarfin jure lanƙwasa. Ana yanka robar kamar ɗan siririn katako, tsawo milimita 64, faɗi 10, kauri 3.3. A ɗora shi a kan matokarai biyu, a riƙa danna tsakiyarsa a hankali har ya ce ƙas. Ƙa'idar duniya ta ISO 20795-1 ta ce robar da aka dafa da zafi kada ƙarfinta ya gaza megafaskal 65, wato ma'aunin matsin da take jurewa kafin ta karye. Wannan gwaji na kwaikwayon abin da ke faruwa a baki ne, inda haƙoran sama ke ɗan lanƙwashewa a duk tauna, har wata rana su rabe biyu daga tsakiya.

Na huɗu tauri: a danna ɗan tsinin lu'ulu'u da nauyin da aka sani, a auna girman ramin da ya bari. Wasu suna ƙarawa da auna nauyi don ganin ruwan da robar ta sha ko abin da ya narke daga jikinta.

Ta yaya ake sanin illar shekara guda ba a jira shekara ba?

Tara lokacin ake yi. Jiƙon minti 10 kullum na shekara guda minti 3,650 ne, wato wajen sa'o'i 61. Jiƙon dare na sa'o'i 8 kuwa a shekara sa'o'i 2,920 ne, kusan kwana 122. Dubi tazarar da ke tsakaninsu, kusan ninki 48. Wannan ne ya sa za ka ga rahoto guda ya ce bilic bai yi wa roba komai ba, wani ya ce ya ɓata ta, alhali duka biyun gaskiya suka faɗa. Ɗaya gajeren jiƙo ya gwada da ruwa mai sauƙi, ɗayan kwana ya sa ta yi a ciki.

Gwajin yana da iyakarsa. Faifan da ke kwance a kwalba ba ya tauna tuwo, ba ya shan shayi mai zafi a bi shi da ruwan sanyi, ba ya cin goro. Don haka wasu ke haɗawa da na'urar da ke goga buroshi sau dubbai, da wadda ke tsoma robar a ruwan ɗumi da na sanyi bi da bi.

Muna da bilic a gida. Za mu iya amfani da shi?

A gwaje-gwajen kashe Kandida, bilic ne yake yawan zuwa kan gaba, kuma yana narkar da danƙon yauƙin kansa, abin da yawancin sauran ba sa yi. Ga araha. Amma shi ne kuma aka fi yin ɓarna da shi.

Na taɓa ganin haƙoran wata Hajiya da jikarta ta kawo a ƙunshe cikin hankici. Yarinyar so take ta kyautata wa kakarta, ta ga goro ya rina su, sai ta riƙa tsiyaya bilic yadda yake a kwalba ta bar su su kwana. Cikin 'yan makonni jan dasashin ya koma fari-fari kamar alli, sheƙin ya tafi, in ka shafa da yatsa sai ka ji yana kama fata. Hajiya ta daina sa su a gaban baƙi. Na ji tausayin yarinyar ƙwarai, domin babu wanda ya taɓa yi mata bayani ranar da aka ba su haƙoran.

Ƙarfin da aka fi gwadawa aka ga yana aiki ba tare da babbar illa ba shi ne kashi 0.5 cikin ɗari. Ku duba jikin kwalbarku. Idan an rubuta kashi 3.5, kamar yadda ake gani a kwalbar Jik, cokali 1 na bilic ne a cokali 6 na ruwa. Idan naku ya fi haka ƙarfi, ruwan zai ƙaru. A yi amfani da bilic zalla, ba mai turare ko mai kauri na wankin masai ba. Ƙungiyar ƙwararrun likitocin haƙoran roba ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2011, ta ce kada jiƙon ya wuce minti 10. Bayan nan a ɗauraye sosai da ruwa mai yawa har warin ya tafi. Kada a haɗa shi da ruwan khal ko wani abu mai tsami, domin haɗin na fitar da iska mai guba. Kofin kuma a nisanta shi daga yara.

Haƙorana masu maƙalin ƙarfe ne. Duk ɗaya ne?

A'a. Ƙarfen da ake yin firam ɗin da shi, gaurayen kobalt da kuromiyam, bilic na dusashe shi ya yi masa ƙananan ramuka, maƙalan su yi rauni. Mai irin waɗannan ya bar bilic gaba ɗaya, ya nemi ƙwaya mai kumfa da aka rubuta a kwalinta cewa ta dace da masu ƙarfe. Ruwan tsami mai ƙarfi ma yana cin ƙarfe.

Ƙwayoyin kumfan nan, kumfar ce ke wankewa?

Kumfar na taimakawa wajen ɗaga datti, amma aikin kisan na sinadaran da ke sakin iskar oksijin ne, irin su faborat ko fakabonat da fasalfet. Suna rage Kandida, suna kawar da wari, kuma sun fi bilic sassauci ga roba da ƙarfe idan an bi umarnin kwali. A kan yauƙin da ya daɗe ya yi kauri ƙarfinsu bai kai na bilic ba, musamman a jiƙon minti 3 ko 5. Sun fi amfani a hannun mai yi kullum yana haɗawa da buroshi.

Gargaɗi biyu. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ja hankali cewa fasalfet na tayar wa wasu mutane borin jini: ƙaiƙayi, kumburin dasashi, ƙuraje, har da wahalar numfashi. Na biyu, ƙwayar ta yi kama da maganin sha. Dattijon da idonsa ya yi rauni ko yake da mantuwa na iya haɗiye ta ko ya kurkure baki da ruwanta. Kada a ajiye ta kusa da magungunansa.

Klohezidin fa?

Yana kashe Kandida, kuma yana manne wa roba ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Aibinsa rini: idan an daɗe ana amfani da shi yakan bar launin ƙasa-ƙasa, mai shan shayi kuma nasa ya fi fitowa. Ya fi dacewa da 'yan makonnin da ake jinyar kumburin. Idan likita ya rubuta nistatin, wani maganin fangas, kada a haɗa su lokaci guda, domin suna ɗaure juna ƙarfin duka biyun ya ragu.

Ruwan khal, gishiri, kanwa, ganyen darbejiya: akwai mai amfani a cikinsu?

Ruwan khal an gwada shi sosai. Yana rage fangas, ko da yake bai kai bilic ba, kuma ya iya tausasa tsatsar da ta daskare a bayan haƙoran ƙasa. Ruwan gishiri na da daɗi ga dasashi mai ciwo, amma kada a dogara da shi wajen wanke roba. Kanwa da toka in an goga suna ƙarce ta.

Batun tsirrai ba abin rainawa ba ne. A Jami'ar São Paulo da ke Ribeirão Preto a Brazil an shafe shekaru ana gwada wani ruwan wanki da aka sarrafa daga man zurma, wannan dai zurmar da ke fitowa a bayan gidajenmu, an kuma ga yana rage ƙwayoyin cuta, duk da cewa bilic ya fi shi. A Indiya an yi gwaje-gwaje a kan darbejiya. Sai dai abin da aka sarrafa a ɗakin gwaji aka san ƙarfinsa daban yake da jiƙon ganye a kwano, wanda yau zai yi kauri gobe ya yi tsararo, kuma yana iya rina robar. 'Ya'yan zurma kuwa guba ne, kada kowa ya daka su da sunan wanke haƙori. Burina ne in ga ɗalibanmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai sun ɗauki tsirran da muke da su sun bi da su ta duk matakan nan, ƙirgen fangas da awon kaushi da launi da ƙarfi, ba ƙirgen kaɗai ba.

Me ya hana a goge su da makilin kamar sauran haƙora?

Man goge baki na ɗauke da gari mai gurza da aka yi don fatar haƙorin gaske, wadda ita ce abu mafi tauri a jikin mutum. Roba ba ta kusa da wannan tauri. Makilin, gawayi, busasshen asuwaki, soson ƙarfe, duk suna barin layi-layi. Abin da ya dace shi ne buroshi mai laushi da sabulun ruwa maras ƙamshi mai ƙarfi, a goge ciki da waje, a ba cikin lokaci fiye da wajen. A yi wankin a kan kwano mai ruwa ko tawul, domin sabulu na sa su suɓuce, siminti kuma ba ya yafiya. Asuwakin a bar shi ga haƙoran da suka rage. Dasashi da ganɗa da harshe su ma a share su da buroshi mai laushi.

Tafasasshen ruwa ba zai kashe komai ba?

Zai kashe, ya kuma karkatar da robar ta daina zama, wani lokaci ta yi fari-fari. Ruwan da za ka iya barin yatsanka a ciki shi ne iyaka, har da wanda za a jefa ƙwaya mai kumfa.

An gwada na'urar ɗumama abinci ta lantarki, akasari a Brazil, haƙoran na nutse a ruwa, ƙarfin wat 650 na minti 3, kuma ta kashe Kandida. Amma na'urorin gida ƙarfinsu ya bambanta, maimaitawa na iya sauya siffar robar, mai ƙarfe kuma ba ya shiga sam. Ban ba kowa shawarar gwada wannan a gida ba.

An sa wa na Inna wata shimfiɗa mai laushi a ciki. Yaya za mu yi da ita?

Nan ne aka fi buƙatar taka-tsantsan. Shimfiɗar iri biyu ce: ta akirilik da aka tausasa da wani mai, da ta silikon. Ta farkon man nata na fita a hankali ta taurare, magungunan jiƙo kuma na hanzarta hakan. Wadda ake sawa ta wucin gadi don dasashi ya huce ta fi kowacce rauni, ƙwaya mai kumfa na iya tayar mata da ƙuraje cikin 'yan kwanaki. Silikon ya fi jurewa amma Kandida na son sa, tana kutsawa har cikin jikinsa. Ku tambayi wanda ya sa wa Inna wace iri ce da abin da kamfaninta ya yarda a wanke ta da shi. Kafin nan, ruwan sanyi da auduga ko buroshin jarirai.

Haƙoran nan masu lanƙwashewa na nailan, irin Valplast, su ma suna saurin ƙarcewa da rinewa, kuma da wuya a maido da sheƙinsu. Suna da nasu maganin wankin.

Dole ne a cire su da dare? Mahaifinmu na jin nauyin a gan shi babu haƙora.

Na fahimci wannan kunya, kuma ba a gyara ta da faɗa. Amma ga abin da ya kamata ku sani. A 2015 an wallafa wani bincike daga Tokyo wanda ya bi dattawa 524 masu shekara 85 zuwa sama har tsawon shekara uku. Cikin 453 da ke sa haƙoran roba, 186 suna kwana da su. Waɗannan haɗarin kamuwarsu da nimoniya, wato ciwon huhu, mai tsanani ya ninka na sauran fiye da sau biyu, kuma an fi samun Kandida da kumburin dasashi a bakinsu. Tsoho na shaƙar miyau zuwa huhu a cikin barci bai sani ba, duk abin da ke kan robar kuma yana bin miyan.

Ku samo masa kofi mai murfi wanda ba a ganin cikinsa, ku ajiye kusa da shimfiɗarsa tare da butarsa. Ya cire bayan kowa ya watse, ya ɗauraye ya mayar da asuba kafin ya fito. Babu wanda zai gan shi.

A ruwa za a ajiye su ko a bushe?

Ƙa'idojin 2011 da na ambata sun ce a ruwa, don kada robar ta bushe ta karkace. Akwai binciken da ya nuna bushewar dare na rage Kandida. A yanayinmu, musamman lokacin hunturu da komai ke ƙeƙashewa, na fi natsuwa da ruwa, da sharaɗin an wanke su tukuna, ruwan sabo ne kowane dare, kofin ma ana wanke shi da sabulu. Haƙora masu datti a ruwan jiya gonar fangas ce.

Likita ya ba ni magani, na warke, bayan wata guda jan ya dawo. Maganin ne jabu?

Wataƙila lafiyarsa ƙalau. Nistatin ko mikonazol ko fulukonazol suna kashe abin da ke jikin nama, amma rumbun fangas ɗin a robar yake. Ka warkar da ganɗa ka mayar mata da robar da ba a tsabtace ba, ka sake shuka ke nan. Jinyar baki da tsabtace roba tare suke tafiya, da cirewa da dare. Idan duk an yi haka ya ci gaba da dawowa, a duba suga, a duba ƙarancin jini, a duba ko haƙoran sun yi sako-sako suna gurzar nama. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ya gaya wa likita kafin a ba shi mikonazol na shafawa a baki ko fulukonazol, domin haɗin na iya jawo zubar jini mai haɗari.

Duk wannan a kan fayafai ne. An gwada a bakin mutane kuwa?

An gwada, amma bai kai yawan na ɗakin gwaji ba. Yadda ake yi shi ne a ba mutum hanya guda ya bi na wasu makonni, sannan a shafa wa cikin haƙoran rini mai bayyana yauƙi, a ɗauki hoto, a auna kashi nawa na faɗin ya rinu, a kuma ƙirga fangas. Daga nan ya huta ya koma wata hanyar, don a kwatanta shi da kansa. Lokacin da cibiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken lafiya, ta tattara irin waɗannan a 2009, gwaji shida kacal ta samu da suka cika sharaɗi, kuma ba su isa a ce ga zakara ba. An ƙara wasu bayan nan, kuma a 2018 wani kwamitin ƙwararru da gidauniyar lafiyar baki ta Birtaniya ta tara ya tsaya a kan abu huɗu: gogewa kullum, jiƙo kullum, cirewa da dare, da zuwa wurin likita a kai a kai.

Yaushe za mu haƙura da wanki mu yi sababbi?

Idan cikin ya yi kaushin da yatsa ke ji, ko launin ya kwashe, ko akwai siraran tsagogi in an ɗaga su a hasken rana, ko warin na dawowa sa'o'i kaɗan bayan wanki, fangas ya shige inda magani ba ya kaiwa. Haka idan suna rawa a baki, domin ƙashin muƙamuƙi na ci gaba da lotsawa bayan an rasa haƙora, robar kuwa tana nan yadda aka zuba ta. Wani lokaci likita zai iya kankare cikin ya zuba sabuwar roba, wanda ya fi sababbi araha. Ku je da haƙoran a cikin kofinsu, ku tafi da kwalin ko kwalbar abin da kuke wanke su da shi, ku kuma gaya masa minti nawa suke yi a ciki.